Waƙa tana fassaruwa kuwa, ko sai dai a ba da labarinta?

Ɗan_Kwarbai:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Wani abu ya tsaya mini a rai tun ranar Asabar, na ce bari in kawo shi nan. Akwai abokin aikina a Samaru, Bayarabe ne mutumin Ibadan, shekararsa uku a Zariya, yana jin Hausar kasuwa amma ba ta waƙa ba. Mun taso daga Kaduna a motata, na sa Shata. Tun daga Mararraba har muka wuce Jaji yana kaɗa kai. Sai ya ce in gaya masa abin da mutumin nan yake faɗa da har nake buga sitiyari haka. Na rage sauti, na shiga mayar masa da Turanci ɗango-ɗango. Da na gama ya dube ni ya ce, "Shi ke nan abin da ya ce?"

Wallahi sai da na ji zafi. Ban rage komai ba, ban ƙara ba, amma abin da ya fito daga bakina jerin sunayen mutane ne da garuruwa, wane ya ba ni doki, wane ya ba ni riga. Waƙar da ke tayar mini da tsigar jiki ta koma kamar takardar gudummawar biki. To laifin Turancina ne, ko dama can waƙa ba ta fassaruwa?

MaiShayi_PZ:
Ba ta fassaruwa, Malam. Fassarar waƙa ɗumame ce. Tuwon ne dai, amma ba na daren jiya ba.

Malama_TudunWada:
Wa'alaikumus salam. Ɗan_Kwarbai, kada ka ɗora wa Turancinka laifi. Shekara 19 ina koyar da adabin Hausa a sakandare, duk shekara sai na gamu da irin wannan.

Waƙar Hausa a kan awon gaɓa take tafiya, mai nauyi da marar nauyi, kamar ta Larabci. Shi ya sa malamanmu na da suka ɗauko karuruwan Larabawa irin su Basiɗ da Kamil da Mutaƙarab suka zuba Hausa a ciki, ta zauna daram. Turanci ba haka yake awo ba, shi inda aka danna murya yake kallo. Ka ga tun daga mudu an raba gari. Sai amsa-amo, mu kuma har iri biyu gare mu: na harafi da kowa ya sani, da na karin sauti, wato hawa da saukar murya a ƙarshen ɗango. Farfesa Ɗalhatu Muhammad na nan Jami'ar Ahmadu Bello ya yi rubutu a kan wannan na biyun. Harshen da ba shi da karin sauti a kalmominsa, ina zai ajiye shi?

Amma abin da ya fi kama ka kirari ne. In makaɗi ya ce wa mutum giwa, ko bango, ko dodo, Bahaushe nauyin gida da tarihin kakanni yake ji. Baƙo kuwa dabba yake gani, ko katangar ƙasa. Jerin sunayen nan da ka ce, ga mai sauraro a Funtuwa ko Musawa ba jeri ba ne. Ya san wane, ya san ubansa, ya san dalilin da aka ambace shi kafin wane, ya kuma lura da wanda aka tsallake da gangan. Ga kalangu yana tasa maganar, ga 'yan amshi. Kai kuwa ka rage sauti kafin ka fara, ka ga rabin waƙar ka riga ka kashe da hannunka.

Injiniya_Hanwa:
Malama, na yarda da bayaninki, amma ki duba wani abu. Mutumin nan yana kaɗa kai tun daga Mararraba, kafin a fassara masa komai. Ashe waƙar ta riga ta isa gare shi. Fassarar ce ta zo ta shiga tsakani. Mu nan wa ya fassara mana waƙoƙin Indiya lokacin muna yara? Amma ga mutane suna hawaye a silima.

Bazazzagiya:
Wannan gaskiya ne Injiniya. Mahaifiyarmu, Allah ya ji ƙanta, ba ta taɓa shiga aji ba, amma in muryar Lata Mangeshkar, mawaƙiyar Indiya, ta tashi a rediyo sai ta ajiye tsintsiya. Ran da aka ce Lata ta rasu, a watan Fabrairun 2022, ita na tuna, na yi kuka sosai. Amma ba gaba ɗaya ne ba ta jin komai ba. Takan tsinci kalmomi: duniya, zamani, addu'a, niyya, muhabba. Su ma daga Larabci da Farisanci suka same su, mu ma mafi yawansu daga Larabci. Da waɗannan 'yan kalmomin da kuma fuskar jarumar take haɗa tata ma'anar. Na girma na ga fassarar wata da ta fi so a ƙasan allo, ashe waƙar amarya ce mai barin gidan ubanta. Abin da Inna take gaya mana ke nan tun muna ƙanana, ba ta kuskure ba.

Sani_Alƙalami:
Bari in sa baki, don wannan sana'ata ce. Shekara 8 ina rubuta wa mawaƙa waƙa a Sabon Gari. Abin da mutane ke kira fassarar waƙar Indiya, yawanci ba fassara ba ce, ɗori ne. A kawo maka waƙa a waya a ce irin wannan muke so. Ka saurara sau ashirin, ka riƙa bin ta da la-la-la har ka ƙirga gaɓoɓinta, sannan ka shiga neman kalmomin Hausa da za su zauna a gurbin. Abin da Ba'indiyen ya ce ma ba ka tambaya. Yana iya kasancewa waƙar damina ce, kai ka mayar da ita ta kishiya.

Wahalar tana wajen jan murya. Inda mai waƙar ta ja, dole ka sa gaɓa mai jawuwa. In ka kuskura ka sa "gari" na zama a wurin da ake jan gaɓar farko, ya koma garin tuwo, masoyi ya tashi daga barin gari ya koma barin gari a ƙasa. Irin wannan ke hana ni barci, wani ɗango ɗaya sai ya ci mini kwana biyu.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, bayan duk wannan, sunanka ba ya fita. Akwai waƙar da na rubuta bara, an sa ta a bukukuwa har na ji ta a Kano. An rubuta sunan mawaƙi, da mai kiɗa, da mai ɗaukar hoto, har da mai kwalliya. Nawa babu. Da na yi magana aka ce ai an biya ni. A Indiya da muke kwaikwayo, marubucin waƙa sunansa na fitowa a farkon fim. Kowa a can ya san Anand Bakshi da Sahir Ludhianvi, Gulzar kuwa har kyautar Oscar ya samu a 2009 tare da A. R. Rahman. Mun ɗauko karinsu, mun bar musu wannan ladabin.

Lauya_Kongo:
Sani, a doka kana da magana. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta bambanta haƙƙin kuɗi da haƙƙin a ambaci sunan wanda ya ƙirƙiri abu. Biyan ka kuɗin aiki bai share na biyun ba. Nan gaba ku rubuta yarjejeniya ko da a takarda ɗaya ce, da shaidu. Sai dai ka sani sandar tana da kai biyu: fassara da sauya fasalin aikin wani su ma haƙƙin mai aikin ne. Karin da ake ɗaukowa daga Indiya yana da mai shi.

Abu_Sumayya:
Ni dai shawarata a ji tsoron Allah. Duk wannan kaɗe-kaɗe ina amfaninsa?

Admin_Zaure:
Allah ya saka da alheri Abu_Sumayya. Hukuncin kiɗa an tattauna shi a nan ba sau ɗaya ba, malamai ma sun yi bayani. Yau maganar fassara ake, kuma ta shafi har waƙoƙin wa'azi. A ci gaba.

Almajirin_Kusfa:
To tunda an zo nan, Allah ya gafarta malamai, ku ba ni dama. Ana ta maganar Turanci da Indiyanci, alhali fassarar waƙa mafi daɗewa a garin nan a zaure ake yin ta. Ishiriniya ta Alfazazi ce, mutumin Andalus, an kira ta haka don kowane harafi baiti ashirin aka yi masa, Ibnu Muhibu kuma ya yi mata tahamisi, wato ya mayar da kowane baiti mai ɗango biyar. Burda ta Busiri ce, mutumin Masar. Dukansu na ƙarni na 13 ne, ga su har yau a bakin tsofaffinmu.

Yadda muka karanta su: ɗalibi ya ja baiti da Larabci da karinsa, malam ya bi shi kalma-kalma da Hausa. Hausar ba a rera ta, ba ta da amsa-amo, wani lokaci ma ginin jimlar na Larabci ne, wanda bai saba ba sai ya ji ta bambarakwai. Amma na sha ganin dattijo yana share hawaye da bakin rawani a wurin. Me ya sa? Don ba a raba su ba. Larabcin yana ba kunne haƙƙinsa, Hausar tana ba hankali nasa, a zama ɗaya. Fassarar ba ta zo ta maye gurbin waƙar ba, rakiya ta yi mata.

Ɗan_Kwarbai, ina ganin da ka bar Shata yana yi, kai kuma kana jefa bayani a tsakanin amshi, da abin bai mutu haka ba.

Baba_TukurTukur:
Yaro ya yi magana. Ni shekarata 74, aikin ɗab'i na yi har na ajiye, littattafan waƙoƙi da yawa sun bi ta hannuna. Ku yaran yanzu ba ku san garin da kuke ba. A Zariyar nan Hukumar Fassara ta zauna, a nan aka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, a nan aka kafa kamfanin Gaskiya a 1945. Alhaji Abubakar Imam ya ɗebo labaru daga Larabawa da Turawa ya zuba a Magana Jari Ce, wa ya taɓa karantawa ya ji warin baƙunta? Ya mayar da su 'yan gida ne, ya sa musu riga da hula. Wannan ita ce gwaninta.

A waƙa ma an yi. Shehu Usmanu da kansa ya rubuta Tabbat Haƙiƙa da Hausa don talakawa su ji. Shi kuwa Malam Aliyu Namangi, na gan shi da idona. Mun tashi muna jin manya suna cewa karin Imfiraji daga kiɗan caji ya ɗauko shi, wanda matasa ke rawa da shi, ya zubar da abin da ke ciki ya cika shi da begen Manzo da wa'azi. Ga shi makafi sun yi ta yawo da ita ƙofa-ƙofa har ƙasar Hausa ta haddace, jami'a kuma ta ba shi digirin girmamawa. To Sani, ɗorin da kake yi ba sabo ba ne. Abin dubawa shi ne me ka zuba a ƙwaryar da ka ara.

Ummu_Hanif:
Baba, a gafarce ni, gyara kaɗan. Shehu da Fulatanci ya yi Tabbat Haƙiƙa. 'Yarsa Nana Asma'u ce ta mayar da ita Hausa wajen 1831, bayan rasuwarsa. Ɗan'uwanta Isa ɗan Shehu shi ma ya mayar da Ma'ama'are Hausa daga Fulatancin mahaifinsu. Kuma wannan kuskuren naka, Baba, shi ne babbar hujja a kan masu cewa waƙa ba ta fassaruwa: fassarar ta zauna har mutum irinka da ya yi rayuwa cikin littattafai ya ɗauka asali ce.

Nana harshe uku take waƙa da su, Larabci da Fulatanci da Hausa, kuma ta san wa take yi wa kowanne. Hausar ta mata ce da talakawa, jajis ɗinta, wato matan da ke jagorantar ƙungiyarta ta 'Yan Taru, su haddace su kai ƙauyuka. Waƙar da za a haddace a rera a tsakar gida dole ta zama waƙa, ba bayani ba. Don haka ba kalma ta bi ba, saƙon ta riƙe ta sake gina shi da tubalin Hausa. Sharaɗin ke nan a ganina: mai fassarar ya zama shi ma mawaƙi ne.

Baba_TukurTukur:
Na karɓi gyara 'yata, Allah ya yi miki albarka. Haka ne, Nana ce.

Ladi_Wusasa:
Sannunku. Ni a ƙungiyar mawaƙan majami'a na girma a Wusasa, kuma matsalar da Sani ya faɗa mun san ta sarai. Da yawa daga waƙoƙin da ke littafinmu daga Turanci aka fassaro su, aka bar su a kan karinsu na Ingila. Zamanin su Likita Mila, Baturen mishan, ne aka yi wannan ƙoƙari, lokacin da aka gama fassara Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Sun yi aiki, ba a raina musu ba. Amma karin Bature bai san karin sautinmu ba. Sai ka ga murya ta sauka inda kalma ke son ta tsaya a sama, "kuka" na hawaye ya nemi komawa kukar miya. Mu da muka tashi da su kunnenmu ya saba, muna ƙaunarsu, da su aka binne kakanninmu. Amma ku zo ku ga zumuntar mata in suka tashi da waƙar da aka ƙaga da Hausa tun farko, da tulu da kacau-kacau. Ba sai an ce wa kowa ya buɗe littafi ba.

Malama_TudunWada:
Ladi, na gode da wannan, zan kai wa ɗalibaina misalin kuka. Kin ga abu ɗaya ne ya haɗa ki da Sani: kari baƙo, harshe ɗan gida.

Ustaz_Gyallesu:
MaiShayi ya ce ɗumame. To akwai gidan da ɗumame ya fi tuwon dare kasuwa. Rubā'iyyat na Umar Khayyam da Farisanci aka yi su. Ahmad Rami, mawaƙin Masar, ya koyi Farisanci ya mayar da su baitocin Larabci, Ummu Kulsum ta rera. Haka a 1967 ta rera baitocin Muhammad Iƙbal da Sawi Sha'alan ya mayar Larabci daga Urdu. Balaraben da ke sauraro ba ya jin fassara yake ji. Da nake karatu a Alƙahira na ga direban tasi yana bin baitocin Khayyam da ka, da na ce masa asalinsu Farisanci ne sai da muka yi musu. Wannan ya ƙarfafa maganar Ummu_Hanif: Rami mawaƙi ne kafin ya zama mai fassara.

Sai dai in ƙara wani abu. Wa'azi da hikima da bege suna ƙetare harshe da sauƙi, don mutuwa da so da nadama na kowa ne. Waƙar fada da ta maza da zambo su ne masu taurin kai, don an ɗaure su da mutum da wuri da rana. Ɗan_Kwarbai ya fara da mafi wuya ne.

MaiShayi_PZ:
Ustaz, na ji. Amma wanda ya iya Farisancin aka tambaya ya ce daidai suke?

Ustaz_Gyallesu:
Ba daidai suke ba, ban ce haka ba. Waƙa biyu ce, uwa da 'ya.

Khalifa_04:
Ni na gwada sa baitin Narambaɗa a manhajar fassara ta waya don aikin makaranta. Rabin kalmomin ta bar su yadda suke, Sakkwatancin ya fi ƙarfinta, sauran kuma ba kai ba gindi. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ni ma da nake Bahaushe sai da na nemi kakana ya warware mini. Mu ma fa mun fara buƙatar fassara daga Hausa zuwa Hausa.

Bazazzagiya:
Khalifa ka taɓo inda ke mini ciwo. 'Ya'yana suna bin waƙar Koriya da fassararta a ƙasan allo, amma in na sa Ɗanƙwairo sai su ce Mama me yake cewa. Wa zai zauna ya sa wa namu irin wannan rubutun, ko da da Hausar yau ce?

Sani_Alƙalami:
Hajiya, ni zan iya, in akwai dattijon da zai zauna da ni. Kalmomin sarauta da na dawaki da yawa ban san su ba. Baba_TukurTukur, in ka yarda in riƙa zuwa ranar Lahadi bayan La'asar.

Lauya, na ga maganarka ta sanda mai kai biyu. Ta dame ni, kuma gaskiya ce.

Ɗan_Kwarbai:
Na karanta duka, Allah ya saka wa kowa. Yau da muka tashi aiki na bi shawarar Almajirin_Kusfa. Kafin in kunna sai da na ba abokin nawa labarin Shata: mutumin Musawa, ya zauna Funtuwa, ba ya rubutawa, a tsaye yake ƙaga waƙa, jami'ar da muke aiki kusa da ita ta ba shi digirin girmamawa a 1988, ya rasu a 1999. Na gaya masa me ake nufi in makaɗi ya kira sunanka a bainar jama'a, da me ake nufi in ya ƙi. Sai ya katse ni ya ce ai su ma suna da oriki, wato nasu kirarin, kuma gangarsu tana magana. Ya jero mini na gidansu da Yarabanci, muryarsa har rawa take. Na ce ya fassara mini. Ya fara, ya kai layi na uku ya tsaya, ya ce ba haka abin yake ba, a bakinsa ya fi haka.

Mun saurari waƙar har ƙarshe ban rage sauti ba. Amma da aka zo wani wuri ya tambaye ni ma'anar "gagara", na ce wanda ba a iyawa da shi, ya ce mai taurin kai ke nan? Na ce a'a, yabo ne. Ya ce to jarumi? Na ce bai kai ba. Har muka iso Kwangila ban samo ba. Malama, ke me kike ce wa ɗalibanki?

Malama_TudunWada:
Ba na ba su kalma. Ina kai su bakin ganuwa ta wajen Ƙofar Doka in ce su dubi kaurin abin da ya rage, su ƙiyasta mahayin da ya zo da dare yana neman shiga.

Baba_TukurTukur:
Sani, ka zo Lahadin. Ka taho da littafi mai kauri da biro biyu, akwai kaset-kaset a akwati da ban buɗe ba tun rasuwar mai ɗakina. Sai dai rediyon da ke cin su ta lalace, in wani a zauren nan yana da mai aiki ya taimaka mana da aro.

Ladi_Wusasa:
Akwai ta mahaifina, Baba, tana aiki. Sani ya biyo ta Wusasa ya karɓa.